Sharhi: Muhammad, Mohammed ko Muhammadu?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A watan Disamba na 2020 ne hukumar sadarwa ta NCC ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ko a toshe layin. Duk wanda ya ga cincirindon da aka yi a ƙofar ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da wannan lamba, a lokacin, ga korona na yawo, ba zai manta ba. Daga 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta bi sahu, ba rajista sai da wannan lamba. Neman fasfo ma haka.

Niyyar ba ta da aibu. A daina yawo da fayil daga wannan tebur zuwa wancan, a rage "a ba mu na goro". To amma ku leƙa cibiyar rajistar jarrabawa ku gani. Yaro ya tura lambarsa ta NIN zuwa layin JAMB na 55019, saƙo ya dawo da Mohammed. A takardar makaranta Muhammad ne, a banki kuma Muhammadu. Da magatakarda ne, kallo ɗaya zai yi ya san mutum guda ne. Kwamfuta kuwa ba ruwanta, uku take gani. Haka ranar haihuwa: wanda aka haifa a gida "shekarar da aka yi fari" sai mai rajista ya buga masa 1 ga Janairu, daga baya ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Gyaran fa? A intanet, kuma da kuɗi. Mutumin ƙauye zai biya kuɗin mota zuwa birni, ya biya yaron shagon kwamfuta, ya wuni a kan benci, la'asar sakaliya a ce masa babu sabis, ya dawo gobe. Balle inda aka taɓa katse layukan waya baki ɗaya saboda matsalar tsaro, kamar Zamfara a watan Satumba na 2021.

Na'ura ma tana tuntuɓe. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗa ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Wannan ya kyauta. Amma su yawansu ne ya sa aka ji kukansu. Yaron nan da ke kan benci da harafi ɗaya a karkace, rajista kuma na gab da rufewa, shi kaɗai ne da mahaifinsa, suna jiran sabis ya dawo.