Ruwan Sama a Filin Jirgin Damagaram: Ina Yake Tafiya, Me Yake Ɗauke da Shi?

[Hoto: hadari ya haɗu, iska tana tayar da ƙura]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu bi sawun ruwan sama tun daga inda yake sauka a kan kwaltar filin jirgi har inda yake kwanciya.

Mu fara da ɗan lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. To, a ce titin saukar jirgi yana da tsawon kilomita 2 da faɗin mita 30. Idan aka sheƙa ruwa milimita 40 a dare guda, abin da ya sauka a kan wannan titi kaɗai lita miliyan 2 da dubu 400 ne. Jarka mai lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa suke turawa a kura, guda 96,000. Ba mu ma sa da wurin ajiye jirage da rufin gine-gine da wurin motoci ba. Kuma kwalta ba ta shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya nemi hanya.

Damagaram tana samun ruwan da bai wuce milimita 400 da 'yan kai ba a yawancin shekaru, kusan dukkansa tsakanin Yuli da Satumba. Kaɗan ne, amma da ƙarfi yake zuwa. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar garin, ya rufta saboda ruwan sama a Satumban 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Injiniyan filin jirgi abu ɗaya ne a gabansa: ruwan nan ya bar titi da gaggawa. Idan ya kwanta, tayar jirgi tana iya sulɓewa a kansa, birki ya ƙi kamawa. Shi ya sa ake yi wa titin ɗan tudu a tsakiya, ruwa ya gangara gefe da gefe ya faɗa magudana. Wannan daidai ne, rayuka ake karewa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ruwan yake wankowa a hanyarsa.

[Hoto: tankar mai kusa da jirgi, da baƙin sawun taya a kan titi]

Duk inda ake shayar da jirgi mai, ba a rasa ɗigo. Manyan jirage kananzir na musamman suke sha, wanda ake kira Jet A-1. Ƙananan jirage masu injin fistan kuwa da yawansu har gobe suna amfani da wani fetur, 100LL, wanda akwai dalma a cikinsa, alhali duniya ta gama raba fetur ɗin mota da dalma tun 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita guda (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), domin tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Sai man inji, da man birki, da garin robar da tayoyi suke bari duk saukar jirgi. A Turai da Amurka babban ciwon kansu shi ne sinadarin narkar da ƙanƙara daga fukafukan jirgi. Wannan kam Allah ya hutar da mu.

Duk waɗannan suna taruwa a kan kwalta wata takwas ko tara na rani, ba abin da ya taɓa su. Sai ruwan fari ya zo ya kwashe su gaba ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan ilimi tun da daɗewa: ba a tara ruwan farko da ya zubo daga indararo, sai an bari ya wanke rufi tukuna a kawo roba. Ruwan farko na filin jirgi haka yake, shi ne mafi dauɗa, sai dai shi babu mai cewa a dakata.

Akwai kuma wanda ya fi su duka wuyar sha'ani, kuma ido ba ya ganinsa: kumfar kashe gobara. Wutar man jirgi ba ta jin ruwa, sai an lulluɓe ta da kumfa. Kumfar da aka daɗe ana amfani da ita a filayen jiragen duniya tana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira PFAS. Rana ba ta kashe su, ƙasa ba ta ruɓar da su, tafasa ruwa ba ya fitar da su, alif ma ba ya kwantar da su. Suna bin ruwa su shiga rijiya, su shiga jikin dabba da na mutum su zauna shekaru. Bincike ya danganta wasunsu da cutar dajin ƙoda, da raunin garkuwar jiki. Kuma a ƙasashen da aka bi diddigi, yawancin gurɓatar ba daga gobara ta fito ba, daga atisayen da masu kashe gobara suke yi ne, suna feshin kumfa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda Nijar ta shiga, ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOS, a jerin abubuwan da aka taƙaita tun 2009, ta ƙara da PFOA a 2019. A Afrilun 2024 Amurka ta sa musu iyaka a ruwan sha: nanogiram 4 a lita, wato kashi 4 cikin tiriliyan. Ku dubi ƙanƙantar wannan adadi, ku gane yadda ake tsoronsu.

[Hoto: duwatsun Birni, tabki, shanu suna shan ruwa]

Me ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu? Damagaram a kan dutse take zaune. Ƙarƙashin garin babu wadataccen ruwa, shi ya sa ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma duk da haka kowa ya san wahalar watan Afrilu da Mayu. Ruwan saman da dutse ya hana nutsewa yana taruwa a tabkuna da kududdufai. A nan ake shayar da dabbobi, a nan ake buga tubali, a nan mai lambu yake ɗiba ya ba salak da kabeji, a nan yara suke wanka. A garin da ruwa ya wadata, abin da ya gurɓata yana iya gangarawa kogi ya tsarke. Mu namu ba inda za shi. Yana nan, rana tana ƙone ruwan, dauɗar tana ƙara kauri.

Doka fa akwai ta. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta Disamban 1998 ta hana zubar da abin da zai gurɓata ruwa. Kundin dokar ruwa na 1 ga Afrilun 2010 ya zo da ƙa'idar cewa wanda ya ɓata ruwa shi zai biya. Dokar 2018-28 ta wajabta nazarin tasirin muhalli kafin manyan ayyuka, da binciken waɗanda suke gudana, ƙarƙashin BNEE, ofishin ƙasa mai nazarin tasirin muhalli. Ta ɓangaren jirage kuma akwai ANAC mai sa ido kan sufurin sama, da ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage. Amma masanin jirgi lafiyar jirgi yake dubawa, ma'aikacin ruwa famfo yake dubawa. Ruwan da ya fita ta ƙarƙashin shinge yana iya faɗawa tsakaninsu, kowa yana zaton aikin wani ne. A ganina nan ne ya kamata a matsa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Wurin shayar da mai a kewaye shi da magudana mai bi ta rijiyar tace mai, inda mai yake tasowa sama a kwashe, ruwa ya wuce ta ƙasa. Tankunan ajiya a gina musu katangar siminti da za ta riƙe abin da ya tsiyaya. Wurin atisayen gobara a daɓe shi, a tara ruwansa daban, domin kumfa tana cakuɗa mai da ruwa har rijiyar tacewa ta kasa raba su. Kumfar da ba ta da PFAS ma tana kasuwa, manyan filayen jirage da dama sun koma kanta.

Wani zai ce, to a haƙa babban tafki a tara ruwan mana, ga mu da ƙishirwa. A nan akwai cikas: ruwa yana kiran tsuntsaye, tsuntsu kuma idan ya faɗa injin jirgi masifa ce. Shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar irin wannan rami ya tsiyaye cikin awa 48. Idan za a ajiye ruwan, sai a rufaffen tanki, bayan an karkatar da na farko.

Sai awo. A ɗebi ruwa a bakin magudanar da take fita daga filin a lokacin ruwan fari, ba a ƙarshen Agusta ba bayan an gama wanke komai. A auna rijiyoyin maƙwabta. A manna sakamakon a ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa.

Mu ma da muke kewaye da filin muna da namu kason. Baƙin man da ake juyewa a ƙasa a garejoji, da leda da take toshe magudana, da jujin da yake tara shirwa da hankaka kusa da hanyar jirgi, duk namu ne. Idan kuka ga ruwan kududdufi yana ƙyalli kala-kala, ko yana warin kananzir, ko kumfa ta taru a bakinsa ta ƙi bajewa, ku janye dabbobi da yara daga wurin. Ku ɗauki hoto, ku riƙe ranar da wurin, ku sanar da mai unguwa, ku kai maganar ga ofishin magajin gari da ma'aikatar muhalli ta jiha.