Ta Ɓawo Wuƙa Ke Shiga: Lacca kan Wanke Kayan Marmari da na Lambu

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa.

Da kankana zan fara, don a nan yawancinmu ke tuntuɓe. Mutum ya ɗauko ta, ya ce ai ba ɓawon zan ci ba, sai ya kafa wuƙa. To wuƙar ta ina ta shiga? Ta ɓawon. Ƙasar gona, taki, dauɗar hannun duk wanda ya taɓa ta, duk wuƙa za ta kwasa ta shafa a jan nan da za ka kai baki. A 2011 a Amurka, wata 'yar'uwar kankana da ake kira kantalof ta ɗauko ƙwayar cuta mai suna listeriya, mutum 33 suka rasu. Abin da ke tayar mini da hankali game da listeriya, ko cikin sanyin firji tana hayayyafa, sai dai a hankali.

Saboda haka a wanke kafin a yanka. Hannu tukuna, da sabulu, daƙiƙa 20. Kayan kuwa ban da sabulu, domin yana maƙalewa a jikinsu. Ruwa mai tsabta yana zuba kana murzawa, mai kaurin ɓawo a goga masa buroshi. Latas da kabeji a yar da ganyen waje, sauran a ware su ɗaya-ɗaya, a lungunan nan yashi ke ɓuya.

Amma fa kada ɗoki ya sa ki wanke komai ranar da aka kawo, ki tura firji a jiƙe. Danshi ke kiran fumfuna. Bari sai za a ci.

Firji ya zama da sanyi sosai, kada ma'auninsa ya haura digiri 5 na Celsius. Ɗanyen nama a can ƙasa, a rufe, kada ruwansa ya ɗiga kan abin da ba za a dafa ba. Abin da aka yanka kada ya haura awa 2 a waje. Ayaba da tuffa suna fitar da iskar etilin mai gaggauta nuna, shi ya sa ganyen da aka ajiye kusa da su ke saurin yin rawaya.

Ga takarda an miƙo: idan gefe guda ya yi fumfuna fa? Malama, in mai tauri ne kamar karas, ki yanke wurin da faɗi, ki yi amfani da sauran. Tumatir kuwa mai laushi ne, fumfunar ta riga ta ratsa inda ido ba ya gani. Ki zubar.