Me Ya Hana Jihohin Amurka Yi Wa Kowa Inshorar Lafiya Da Kansu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Amurka za mu leƙa, ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a harkar lafiya amma har gobe akwai miliyoyin mutane da ba su da inshora, mutum ya kwanta asibiti kwana biyu a miƙo masa bil ɗin da sai ya sayar da motarsa. To tunda gwamnatin tarayya ta ƙi yi, me ya hana jiha ɗaya ta yi wa mutanenta?

An gwada fa. Vermont ƴar ƙaramar jiha ce, mutanenta ko dubu 700 ba su kai ba. A 2011 gwamnansu Peter Shumlin ya sa hannu a dokar kafa tsarin da aka kira Green Mountain Care, wato gwamnatin jiha ce za ta riƙa biya wa kowa kuɗin magani. A tsakiyar Disambar 2014 sai ga shi da kansa ya fito ya ce abin ba zai yiwu ba, don lissafi ya nuna sai an ɗora wa kamfanoni harajin kashi 11.5 cikin ɗari a kan albashin ma'aikata, su kuma mutane su biya har kashi 9.5 na abin da suke samu.

Nan ne abin yake min ciwo wallahi, domin kuɗin nan dama can ana biyansu, kamfani ne ke cirewa ya ba ƴan inshora tun kafin albashi ya shigo hannun ma'aikaci, don haka ba ya jin zafin, amma da an ce masa haraji sai hankalinsa ya tashi.

Kuma ko jiha ta so ta tattaro kuɗin wuri ɗaya, hannunta ba ya kaiwa. Akwai dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, manyan kamfanonin da ke biyan maganin ma'aikatansu daga aljihunsu jiha ba ta da hurumin gindaya musu sharaɗi. Kuɗin Medicare, inshorar gwamnati ta dattawa ƴan shekara 65 zuwa sama kuwa a Washington suke, Medicaid na talakawa ma sai an nemi izini kafin a juya shi, izinin kuma ya danganta da wanda ke Fadar White House a lokacin.

Ga shi jiha ba ta buga dala, kusan dukkansu doka ta hana su giɓi a kasafi, tattalin arziki na karyewa haraji ya ja baya amma marasa lafiya ba sa raguwa. Kamfani zai iya kwashe kayansa ya koma maƙwabta, mara lafiya kuma ya taso daga wata jiha, kuma tun 1974 Kotun Ƙoli ta ce ba a isa a ce sai ya shekara a wurin kafin a duba shi ba.

Jihar Colorado ta kai nata tsarin gaban masu zaɓe a 2016, kusan kashi 79 suka ce a'a. Kalifoniya a 2017 da aka ƙiyasta tsarin zai ci dala biliyan 400 a shekara sai kakakin majalisarsu ya ajiye ƙudirin. Hawaii kaɗai ta samu sassauci daga ERISA, ita ma sai da majalisar tarayya ta yi mata gyaran doka na musamman a 1983.