Yau na ga zuciyata tana bugawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ga ni a nan Suwidin, fitowata ke nan daga ɗakin gwajin zuciya, na ce bari in kunna kyamara tun abin da na gani bai huce ba.

Likitana ne ya turo ni a yi min eko, wato gwajin ɗaukar hoton zuciya, don hawan jinina ya daɗe yana sama, yana son ya ga ko ya taɓa zuciyar. Na'urar irin wadda ake duba mai juna biyu ce. Sauti take turawa, wanda kunne ba ya ji, ya daki zuciya ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto. Ba allura, ba yanka. A ƙasar nan ma aka soma shi, a garin Lund, a 1953, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz.

Aka ce in cire riga in kwanta ta hagu. Ma'aikaciyar ta shafa wani mai mai sanyi, ta danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarina, tana cewa in riƙe numfashi, in sake. Sai ga ɗakunan zuciyata huɗu a allo, ƙofofinsu na buɗewa suna rufewa, ba fashi. Wallahi sai da na yi tasbihi. Ta kunna launi: ja shi ne jinin da ke nufo na'urar, shuɗi wanda ke tafiya nesa da ita. Idan ƙofa na yoyo, nan za a ga jini yana komawa baya.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa muna cewa "ai an yi min gwajin zuciya", alhali wayoyi aka liƙa mana a ƙirji, wato ECG. Wannan lantarkin zuciya yake aunawa. Eko kuwa naman ne yake nunawa: ko bangon ya yi kauri saboda hawan jini, ko ƙofa ta lalace sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi maganinsa ba, ko ruwa ya taru a kewayen zuciyar, ko ta yi rauni bayan haihuwa. Mai jego da ke haki in ta kwanta, ƙafafu na kumbura, don Allah kar a ce gajiya ce kawai.

In an ba ku takardar sakamakon eko, ku tambayi kashi nawa na jinin da ke cikinsa ɗakin hagu na ƙasa ke turawa a kowane bugu. Daga 55 zuwa 70 cikin 100 lafiya lau. In ya sauka ƙasa da 40, zuciya ta raunana, kuma akwai magunguna masu taimakawa sosai.

Amma eko ba ya nuna toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kai tsaye. Mai ciwon ƙirji in ya hau bene, ko eko ya fito lafiya, ya koma wajen likita, akwai wani gwajin daban.