Jar ranar da aka cire daga tutar Najeriya

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma daga Agege muke, ni da Kawu Bala da Hadiza. Hadiza, ke kika kunno wutar nan a guruf, ke za ki fara.

Hadiza: Ni ban kunna komai ba, hoto kawai na tura. A gosulon Oshodi wani yaro ya zuro min tuta ta taga, kun san da Oktoba ta matso kowa ya zama mai sayar da tuta. Na duba korenta, wallahi kamar miyar kuka ta kwana. Na ce wannan ta wace ƙasa ce?

Auwalu: Daga nan guruf ya kama da wuta. Wani ya ce farin kogin Kwara ne, wani ya ce Turawa suka zana mana.

Kawu Bala: Duk ba su san zancen ba. Ɗan Najeriya ya zana ta, Bayarabe, Michael Taiwo Akinkunmi. Ɗalibi ne a Landan, shekararsa 23, ya ga tallar gasa a jarida ya aika da nasa. A 1959 aka zaɓe shi, aka ba shi fam 100. Kore noma da arzikin ƙasa, fari zaman lafiya. Amma abin da ba a gaya muku a firamare ba, zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, har da tsirkiyoyinta. Alƙalan gasa suka cire ta.

Hadiza: Rana? Ai gara da suka cire. Wadda ke dukanmu a Mile 12 ba ta ishe mu ba?

Auwalu: Da an bar ta Sakkwatawa za su ce tasu ce.

Kawu Bala: Kai, kiyaye ni da Sakkwato.

Auwalu: To Kawu, ƙarya na yi? Ranar Legas gumi take sa ka. Ta Sakkwato kuwa, kafin gumin ya fito ta shanye abinta.

Hadiza: Wato ta Legas dafawa, ta Sakkwato gashi.

Auwalu: Ta Maiduguri fa?

Hadiza: Suya.

Kawu Bala: Kun gama? To ku saurara. Kafin wannan tutar akwai ta Turawa, tun haɗewar 1914. Shuɗiya ce, tutar Ingila a kusurwa, sai jan da'ira, cikinsa koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta. Ku ba ku riski kwabo mai huji ba. Kakata tana da su a gwangwani, ta zura su a zare, kuma tauraron nan ne a jikinsu. Mu hatimin Annabi Sulaiman muka san shi, malaman zaure suna zana shi a allo. Gwamna Lugga da bakinsa ya ce a murfin wata butar tagulla ya gan shi, wadda sojojinsa suka kwaso da aka ci Kontagora. A 1901 ke nan, zamanin Ibrahim Nagwamatse.

Hadiza: Tsaya Kawu. Wato tambarin mulkin mallaka daga butar Kontagora aka kwafo shi?

Kawu Bala: Da abinmu aka yi mana ado, muna sara masa. Shi ya sa nake dariya in an ce Bature ya koya mana tuta. Shehu Usmanu ai da tuta ya naɗa mutanensa bayan 1804. Modibbo Adama ya karɓa, Yakubun Bauchi ya karɓa, Buba Yero na Gombe, Malam Musa na Zazzau, Ummarun Dallaje na Katsina. A wancan zamanin in an ba ka tuta, an ba ka ƙasa ne da amana, ba ƙyallen da za ka maƙala a gilashin mota ba.

Auwalu: Hadiza, da ke ake.

Hadiza: Ni ban ma saya ba, na gaya muku miyar kuka ce.

Kawu Bala: Kuma ku mazauna Ikko ya kamata ku fi kowa sani, don a nan aka fara ɗaga ta. Filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, mai dawakan nan a ƙofa, ba nisa da Obalende. Sha biyun dare, wayewar 1 ga Oktoba 1960, aka sauke ta Ingila aka ɗaga kore-fari-kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya. Kullum kuna wucewa a danfo kuna danna waya.

Auwalu: Shi mai zanen fa, ya ci moriyarta?

Kawu Bala: Aikin gwamnati ya yi a Ibadan har ya yi ritaya. Sai 2014 Jonathan ya ba shi lambar girma ta OFR, bayan shekara 54. Ya rasu a Agustan 2023 yana da 87, aka yi shekara guda kafin a binne shi. Ni wannan ya fi cire ranar yi min ciwo.

Hadiza: Fam 100 dai.

Auwalu: A lokacin kuɗi ne fa. Af, mun yi alkawarin tutar jihar Legas, ga shi an fara kiran magariba. Kawu, minti ɗaya.

Kawu Bala: Minti ɗaya? Gowon ya ƙirƙiri jihar a 27 ga Mayu 1967. Launukanta ja, shuɗi, rawaya da kore. A tambarin jihar akwai wuri irin na kuɗin da, masunta, bishiyar kwakwa, da farar hular hakimansu. Ita hular nan labarinta...

Auwalu: Sai mako mai zuwa, Kawu.

Hadiza: Nasu koren wane iri ne, kuka ko kuɓewa?

Kawu Bala: Auwalu, kashe abin nan, alwala zan yi.