Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Jami'a?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu kuma malamanmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwana malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi bayani a kan yadda ake auna ayyuka uku da kowace jami'a ke cewa domin su aka kafa ta, wato koyarwa da bincike da hidimar al'umma. Zan taƙaita a kan Najeriya, domin ita na sani, kuma maganata guda ɗaya ce: malami yana yin aikin da ake ba shi maki a kansa, ita ma jami'a haka, saboda haka duk aikin da aka bar shi ba mudu, a hankali zai zama na ganin dama.

Bari in fara da koyarwa, domin ita ce ke da hukuma tsayayya. An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962 a matsayin mai ba da shawara, aka ba ta ƙarfin doka a 1974, sannan ta fara zagayen tantance kwasa-kwasai a 1990. Tawaga takan zo ta duba manhaja da yawan malamai da matakin karatunsu, ta leƙa ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje, ta buɗe takardun jarrabawa, daga nan a ba kwas cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Wannan tsari ya yi amfani, kada kowa ya raina shi. Akwai sassa da yawa da ba su ga sabon littafi ko sabuwar na'ura ba sai da aka ji ƙishin-ƙishin tawaga na tafe.

Amma duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san abin da ke faruwa a makon da baƙin za su iso. Na taɓa aiki a wani sashe, ba zan faɗi jami'ar ba, inda aka aro madubin duba ƙwayoyin cuta guda shida daga wata makaranta, aka manna musu takarda mai sunan sashenmu, aka yi wa bango fenti har warinsa na hana mutum zama a ofis. Ran Alhamis tawaga ta tafi, ran Juma'a kafin a tafi masallaci mota ta zo ta kwashe kayan. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to mu kam mun ɓoye shi, kuma mun ci. Laifin ba na baƙin ba ne kaɗai. Awon ne ya tsaya a kan kayan da aka tanada, bai bi ɗalibin ba. Ba a tambayi abin da yarinyar da ta gama shekara uku da suka wuce ta iya yi da hannunta ba, ko abin da mai kamfanin da ya ɗauke ta aiki yake cewa a kanta. Sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta, kuma ina ganin nan ne ya kamata mu fara tambayar ko abin da muka cika gurbin da shi ya biya buƙatar yankin.

Bincike kuwa mudunsa a bayyane yake, kowane ƙaramin malami ya haddace shi tun shekararsa ta farko: maƙala nawa ka buga, kuma a wace mujalla. Da wannan ake hawa daga mataki zuwa mataki har kujerar farfesa. Ƙidaya tana da daɗi domin ba ta jawo gardama a kwamiti. Illarta ita ce takan sa mutum ya yanka bincike ɗaya gida uku, ko a sa sunan aboki yau shi ma ya rama gobe, ko a biya mujallar da za ta karɓi rubutu ran Litinin ta buga shi ran Laraba ba tare da wani masani ya duba ba. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Faransisko ta Amurka suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, inda suka nemi a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin nasa kansa. Kuɗin bincike ma akwai su fiye da da, tun da dokar 2011 ta kafa TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, a madadin tsohon asusun harajin ilimi, to amma idan an kammala aiki, rahoto da rasit ake nema, ba a cika komawa bayan shekara biyar a ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Domin a ga yadda binciken da ya isa ga jama'a yake, mu je Samaru. Tashar binciken noma da ke can ta samo asali tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa, mai tsuke ganyen gyaɗa ta hana ta girma, ta cinye gonaki a Arewa, kuma tana cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta zama tarihi. Masu bincike sun shafe shekaru suna aure tsakanin iri da iri kafin su fito da gyaɗar SAMNUT mai jure cutar. Haka masarar SAMMAZ, wadda wasu nau'o'inta ke jure ƙuduji, da waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka amince da fitar da shi a 2019. Manomin da ya shuka wannan iri a Giwa ko Ɗambatta bai taɓa ganin maƙalar da aka rubuta ba, kuma ba zai ambace ta a wata mujalla ba, alhali shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Takardar ƙarin girmanmu ba ta da gurbin da za a rubuta shaidarsa.

Wannan ya kawo ni kan hidimar al'umma, marainiyar cikin ukun. Ku buɗe takardar da kuke cikewa duk shekara, ku ga abin da ake rubutawa a wannan gurbi: mamba a kwamitin kaza, jami'in jarrabawa, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Duk ayyuka ne masu kyau, amma jami'a aka yi wa hidima, mutanen bayan katanga ba su san an yi ba. Malamar da ta shekara biyu tana zuwa ƙauye tana koya wa ungozomomi alamomin haɗari ga mai naƙuda, da malamin da ya halarci zaman kwamiti sau huɗu ya sha shayi, maki ɗaya suke samu, idan ma ba shi ya fi ta ba saboda yana da wasiƙar naɗi.

Wasu za su ce ai irin wannan aiki ba ya aunuwa. A Birtaniya an gwada. Tun 1986 suke tantance binciken jami'o'insu, kuma a zagayen 2014 suka ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga tasirin bincike a wajen jami'a, suka ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2021. Sashe yakan rubuta taƙaitaccen bayani: ga binciken, ga wanda ya amfana, ga hujja, sannan kwamitin da ya haɗa da mutanen da ba malaman jami'a ba ya duba. Tsarin yana cin kuɗi da lokaci, kuma su kansu suna kuka da hakan, saboda haka ban ce mu kwafo shi ɗungurungum ba. Abin ɗauka shi ne hujja, da kuma shigo da wanda aka ce an yi aikin dominsa.

Shawarata ga majalisar dattawan jami'a ita ce a raba gurbin nan gida biyu, hidimar cikin gida daban, ta al'umma daban. Duk mai neman maki a gurbi na biyu ya kawo shafi biyu kacal, ya faɗi garin da matsalar da halin da ya tarar kafin ya fara, domin idan ba a san yawan buhun da gona ke bayarwa a da ba, ba za a san ko an ƙaru ba. Sannan a tura mutum biyu, ɗaya daga wani sashe, ɗaya daga waje, kamar malamin gona ko jami'ar lafiya ta ƙaramar hukuma, su je ba tare da sanarwa ba, bayan aƙalla damina biyu da kammala aikin, su zauna da mai unguwa da matan gari su ji daga bakinsu. Kuɗin man wannan tafiya bai kai na fentin da muka shafa a wancan mako ba.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, zan dakata a nan domin a samu lokacin tambayoyi. Wassalamu alaikum.