Masu Jiniya da Masu Jiran Layi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a titi ana jiran ayarin wani babba ya wuce, ya san yadda abin yake. Tun kafin a ji kukan jiniya 'yan sanda sun datse hanya. Direbobi sun kashe inji, mai sauri ya haƙura. A kujerar bayan wata mota ga mace tana naƙuda, mijin ya fito yana ta magiya, ɗan sandan ko kallonsa bai yi ba, don shi ma umarni aka ba shi. Can sai ga baƙaƙen motoci fuu sun wuce, gilasai a rufe ruf. Wucewar ba ta kai minti biyu ba, jiran kuwa ya ci rabin sa'a. Shi kuma wanda ke kishingiɗe a motar tsakiya, watannin baya kaɗan shi ne ya zo har ƙofar gida yana roƙon ƙuri'a.

Idan ana zancen gatan 'yan siyasa, yawanci kuɗi ake lissafawa: albashi, alawus-alawus, motoci, fansho. Kuɗin da yawa kam, babu musu. Amma a ganina akwai ɓarnar da ta fi wannan. Gata yana cire shugaba daga layin da talaka ke bi, wanda kuwa ba ya shan ruwan rijiya ba zai damu da yasarta ba.

Mu ɗauki asibiti. Levy Mwanawasa na Zambiya a Faransa ya rasu a 2008. Omar Bongo, wanda ya mulki Gabon sama da shekara 40, a wani asibitin Basalona ya cika a 2009. Meles Zenawi na Habasha a Beljiyam a 2012, Michael Sata na Zambiya a Landan a 2014. Robert Mugabe ya yi shekara 37 yana riƙe da Zimbabuwe, amma da ajali ya zo a 2019, a Singafo ya same shi. Muhammadu Buhari ma a Landan ya rasu a watan Yulin 2025. Ba wanda ke cewa kada mara lafiya ya nemi magani inda yake ganin zai dace, ciwo ba ya tambayar muƙami. Tambayar ita ce: a duk tsawon shekarun nan, me ya hana a gina asibiti ko guda ɗaya a gida wanda shugaba zai yarda ya kwanta a ciki? A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka hallara a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Ƙasashen da suka taɓa cika alkawarin ƙalilan ne. Ina dalilin gaggawa, tun da mai sa hannu a kasafin ba shi zai kwana a barandar asibiti yana jiran gado ba? Haka zancen yake a makaranta, haka a wutar lantarki, haka a tsaro.

Sai kuma doka. Sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan kujera. Hujjar ita ce kada ƙararraki su hana su aiki, kuma hujjar ba ta rasa ma'ana ba. Sai dai kafin rigar kariyar ta fita, shaidu sun watse, takardu sun yi ƙafa. Ko a Faransa, laifin da Jacques Chirac ya aikata yana magajin garin Faris sai a 2011 aka yanke masa hukunci a kai, shekara huɗu bayan ya sauka daga shugabanci, hukuncin ma na jeka-ka-gyara-halinka. A Birtaniya, lokacin kullen korona, mutane sun kasa halartar jana'izar iyayensu saboda bin doka, alhali ana shagali a ofishin firaminista. A 2022 'yan sanda suka ci tarar Boris Johnson, shi da gwamnatinsa ce ta kafa dokar.

Talaka yana kallo, kuma yana ɗaukar darasi. Ya gane cewa ba cancanta ke buɗe ƙofa ba, sai wa ka sani. Mai neman aiki ya bar gyara takardunsa ya koma farautar katin wani babba. Ɗan kasuwa ya ce harajin me zan biya, a sayi mota da shi? Ranar zaɓe kuma mai ƙuri'a ya ce a ba ni rabona yanzu, don na san ba zan sake ganinka ba. Muna zagin mai sayar da ƙuri'a, amma wa ya koya masa lissafin?

Haƙurin ma yana da iyaka. A Kenya, ranar 25 ga Yunin 2024, matasa suka kutsa harabar majalisa saboda dokar ƙarin haraji, an rasa rayuka, Shugaba William Ruto ya janye dokar. Ba harajin kaɗai ya tunzura su ba, har da ganin masu cewa a ɗaure ciki suna fantamawa.

Kada a ce ba a taɓa gwada wata hanya ba. José Mujica ya mulki Uruguwai daga 2010 zuwa 2015 yana zaune a gonarsa, yana tuƙa tsohuwar Volkswagen, yana kyautar da mafi yawan albashinsa. Thomas Sankara da ya hau mulki a 1983 ya sayar da marsandin gwamnati, ya ce ministocin Burkina Faso su shiga ƙaramar Renault 5. An kashe shi ranar 15 ga Oktoban 1987. Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi, ya yi shekara 27 a kan mulki, har sai da jama'a suka cinna wa majalisa wuta a 2014 ya tsere. A 2022 kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai kan kisan Sankara, ba ya nan aka yi shari'ar. Yana zaune abinsa a Kodebuwa, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba.